Kabarin Baba a Bayan Waya

Ƙauye, Maris 1962

Yaya Khiem,

Ina gaishe ka, da fatan aikin tafinta bai cinye maka harshe ba. Amurkawa biyu sun zo da sojojin gwamnati. Sun roƙi gefen gonarmu, wai jirgi mai saukar ungulu zai riƙa sauka na wata uku. Na ce to.

Baba ya cika shekara uku a ƙasa. Bisa al'adarmu, lokaci ya yi da za a tono ƙasusuwansa, a wanke, a sa a tulu, a mayar kusa da kakanni. Ka san aikin babban ɗa ne. Yaushe za ka zo?

Ƙanwarka, Lua

Danang, Mayu 1962

Lua,

Gaisuwa mai yawa. Ki kwantar da hankalinki. Waɗannan masu ba da shawara ne kawai, ko harbi ba sa yi sai an harbe su. Ni da nake cin abinci da su na fi ki sanin halinsu. Bana aiki ya yi yawa, baɗi zan zo. Baba mai haƙuri ne, zai jira.

Yayanki, Khiem

Ƙauye, Oktoba 1964

Yaya,

Ina gaisuwa. Baɗin naka ya wuce sau biyu. Masu ba da shawarar yanzu sun kai sittin, kuma shawarar tasu da igwa suke ba da ita. 'Yan kwaminis masu yaƙar gwamnati sun harbo jirgi ɗaya, sai aka kawo masu gadin jirage, sannan aka kawo masu gadin masu gadin. Kowane zuwa sai wayar shingen da suka kewaye filin da ita ta matso. Ta cinye rijiya, ta cinye ayaba. Tsakaninta da Baba taku goma ne, na auna da ƙafata.

Na ce zan tono shi da kaina. Kawu Thiep ya ce, "Ke? Ɗansa na raye mace ta taɓa ƙashinsa? Sai dai bayan raina." Tsoro nake ji, Yaya.

Lua

Danang, Yuni 1965

Ƙanwata,

Ina fatan kina lafiya. Sojojin Amurkawa sun sauko bakin teku dubbai, yanzu ba wanda ke maganar shawara. Za a faɗaɗa filin jirgin da ke gonarmu. Takardar tashin da za a karanta muku, ni na fassara ta. Na roƙi hutun kwana uku, aka ce sai abubuwa sun lafa. Ki gaya wa Kawu na yarda ki tono shi. Ki yi sauri.

Ki yafe mini.

Khiem

Sansanin 'yan gudun hijira, Satumba 1965

Yaya,

Na gaishe ka. Wasiƙarka ta iso kwana shida bayan motocin baje ƙasa. Baba yana ƙarƙashin shimfiɗar ƙarfe, jirage na sauka a kansa.

Da ranar rasuwarsa ta zagayo, na dafa masa shinkafa da kaza kamar yadda aka saba, na kai bakin waya daidai inda nake zaton yake, na kunna turare. Sojan da ke gadi ya ɗauka shi na kawo wa. Ya miƙo hannu ya ɗauki kwanon, ya cinye tas, ya yi ta godiya. Ban hana shi ba.

Ba sai ka nemi hutun ba.

Ka huta lafiya,
Lua