Baƙin Rami da Yajin Huseina

Kurfi, 4 ga Afrilu, 1979

Zuwa ga maƙwabciyata Malama Mabel,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigida Cornelius.

Ba na manta ranar Litinin ɗin nan. Maigidana Malam Labaran ya dawo daga makaranta da wata mujalla, yana cin tuwo yana karanta mini cewa masana sun hango wani ƙaton gungun taurari, a tsakiyarsa akwai baƙin rami mai nauyin rana dubun dubbai, yana haɗiye taurari, ko haske bai kuɓuta. Ya wanke hannu ya koma aji. Ni kuwa a littattafan da nake karantawa, duk ramin da aka ambata a shafin farko sai wani ya faɗa ciki. Na ce in dai haɗiye mu za a yi, gara a same ni kusa da Gwaggo da ta raine ni. Na hau mota ban sallami kowa ba.

Yanzu nan gida an ɗauka yaji na yi. Gwaggo sai duba jikina take tana neman shaidar duka. Yayana Hamma ya rantse ranar Juma'a ta sama zai hau kekensa ya zo Dutsin-Ma ya karɓo mini takardar saki. Kunya ta hana ni faɗin gaskiya. Don Allah ki tambayar mini maigidanki, tunda shi ke koyar da kimiyya: yaushe ramin zai iso?

Taki, Huseina

Dutsin-Ma, 7 ga Afrilu

Amarya Huseina,

Ina gaishe ki, ki gaishe da Gwaggo. Kai, yarinyar nan! Cornelius ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce hasken wannan gungu kansa sai ya yi tafiyar shekara miliyan hamsin kafin ya iso mu. Kuma ramin ba yawo yake ba. Taurari kewaya shi suke, wanda ya matsa baki ne kawai ke faɗawa. Rijiyar tsakar gidanku ta taɓa bin ki ɗaki?

Malam Labaran ɗinki ya rame. Yana ta zagayen gida yana tambayata laifin da ya yi. Har turmin atamfa ya saya na biko, bai san me zai ba haƙuri a kai ba. Ban faɗa masa komai ba, wannan naki ne.

Ki huta lafiya. Mabel

Kurfi, 9 ga Afrilu

Malama Mabel,

Na gode, Allah ya saka da alheri. Jiya na ci abinci har da ƙari. Na zauna na faɗa wa Gwaggo komai. Ta ce, "Taurari? Don taurari na kusa tsine wa ɗan mutane?" Ta kira Hamma ta ce ya ajiye kekensa.

Ki ce wa Malam kada ya turo kowa biko. Ranar Laraba zan dawo a motar kasuwa, da bakina zan yi masa bayani.

Taki har kullum, Huseina