Furfurata Ba Amsa Ba Ce

Zuwa ga Shugaban Sashen Masu Cutar Ƙanjamau na asibitin da nake karɓar magani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ranka ya daɗe, ni manomin gyaɗa ne daga wajen Gafasa, dattijo mai furfura, shekarata shida ina shan maganinku. Raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye ba.

Na farko, a fayil ɗina akwai takardar tambayoyi kan shan ƙwaya da giya da wiwi. Duk zuwan da na yi, yarinyar da ke cike ta sai ta dubi gemuna da tabon sallar da ke goshina, ta rusuna, ta ce ai irin su Baba ba a yi musu wannan tambayar, ta rubuta "babu". To, wallahi akwai. Tiramadol nake sha. Na fara ne a daminar da ciwo ya cinye min ƙarfi, don in iya riƙe fartanya. Yanzu ko da rani ba na iya tashi sai da ita.

Na biyu, sau ɗaya na cije na ce mata ina ɗan taɓawa. Ta yi dariya, wai Baba akwai barkwanci. Haba! Kun san nauyin da na ɗauka kafin bakina ya buɗe a gaban sa'ar 'yata?

Na uku, in ƙwayar ta bugar da ni, maganinku mantawa nake yi, wani lokaci kwana uku a jere. Da gwajin jinina ya fito ba kyau, likita ya yi min tatas, ya ce wasa nake da raina. Shi ma bai tambayi dalili ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, amma ba ku bar ni na nuna ba.

Ina roƙon a tambayi kowa, limami ne ko ɗan acaɓa, a ɗaki, ƙofa a rufe. In yara na jin kunyarmu, a sa babba. Wanda ya amsa kuma a zauna da shi ko minti biyar ne, a nuna masa yadda zai rage, ba wa'azi ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka ikon gyarawa. Don Allah a hanzarta. Ina tsoron mutuwa, kuma ko yau da safe sai da na haɗiyi biyu kafin hannuna ya iya riƙe biro.

Wassalam.

Wani majinyacinku daga ƙasar Ajingi