Satar Amsar da Na Koya wa Auta

Litinin, 3 ga Maris

Yau na tafka abin kunya da hannuna. Makaranta ta tura 'yata Auta wajen wata ƙwararriya, a gano abin da ya sa shekararta tara karatu ya ƙi zama mata. Ni da na ji "gwaji", sai na ɗauka irin wanda ake ci ko a faɗi ne. Na je wajen maƙwabcinmu direba, wanda aka yi wa ɗansa irin gwajin bara, na kwaso duk tambayoyin da ya tuna. Kwana shida ina ɗura mata a shago, tsakanin zarto da guduma. Yau matar ta buɗe baki za ta jero lambobi, Auta ta riga ta. Da aka kira ni ciki, shiga na yi ina washe baki kamar wanda ya haifi farfesa.

Talata, 4 ga Maris

Maman yara ba ta yi faɗa ba. Ta ce dai kafintan da ya tsaya a aji huɗu bai kamata ya buɗe makaranta ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Na koma ofishin. Ɗan ƙaramin ɗaki, tebur mai gajeriyar ƙafa ɗaya, hannuna har ƙaiƙayi yake in gyara shi. Matar ta ce ba ci ake nema ba, so take ta ga inda yarinyar ke tuntuɓe don a sa ta ajin taimako, ni kuma na share sawun. Sai an jira wata uku ta manta. Gurbi biyu ya rage a ajin. Na ce mantuwa ai gadon gidanmu ce, sati ɗaya ya isa. Ba ta yi dariya ba.

Ta ce akwai yara masu kaifin kai da haruffa ke zame musu, ba lalaci ba ne. Sai ta miƙo takarda in cike. Na laluba aljihu na ce na bar tabarau a gida. Ban taɓa mallakar tabarau ba. Wannan littafin ina rarrafawa in rubuta, ba mai kallo. A gaban mutane kuwa, layin narkewa yake. Ta dube ni, ta karɓa ta karanta mini da kanta.

Asabar, 8 ga Maris

Katako biyu na ɓata yau.

Laraba, 12 ga Maris

Auta ta zauna a shago bayan an tashi daga makaranta. Awon kabad guda ta riƙe a ka, ni ina neman fensir da ke bayan kunnena. Can ta ce, "Baba, kada ka damu, ina da dabara. In malama ta ce in karanta, sai in ce cikina ke ciwo."

Na nemi abin dariya na rasa. Ni da nake makaranta, fitsari nake cewa.

Litinin, 17 ga Maris

Na je wajen shugabar makaranta, na faɗi abin da na yi tiryan-tiryan, ba barkwanci ko ɗaya. Wuya kamar cire tsohuwar ƙusa. Za ta riƙe gurbin zuwa Yuni.

Saura Auta. Dole in roƙe ta, ran gwajin, ta yi tuntuɓenta a fili, kada ta ɓoye. Ban ga yadda uba zai roƙi haka ba, sai ya fara nuna nasa. Na ɗauko littafinta na ajiye a kan benci. Gobe in ta dawo, ni zan karanta da ƙarfi, ita ta saurara.

Na leƙa shafin farko. Layi bakwai ne. Da yawa.