Takalman Mutanenka, Suresh

Malaz, Riyad.

Zuwa ga abokina Suresh,

Bayan gaisuwa mai yawa. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Ko da kana raye ma ba karanta ta za ka yi ba, tunda duk Hausarka ba ta wuce sannu ba, ita ma sai ka ja ta kamar mai kiran akuya. Amma magana ta cika mini ciki, kuma a cikin masu rai babu wanda zan faɗa wa.

Ɗakin ibadarku yana nan a hawa na uku, ba a rufe shi ba. Da aka kai gawarka Indiya na ɗauka shi ke nan, sai ga matarka Madam Lata ta dawo bakin aikinta na asibiti, ta ɗaura ɗamara. Telan nan na unguwar Suwaidi har yanzu shi ke kawo furanni, mai kantin kusa da mu yana ba da shinkafa da man fitila, mata suna girki da shara, babu wanda ake biya ko sisi. Kuɗin haya ne ke ba su wuya. Sai bayan ka tafi suka gane ashe abin da ake jefawa a gwangwanin madara bai taɓa isa ba, kai ne kake cikawa daga albashinka ka yi shiru. Yanzu da ƙyar suke haɗawa, amma suna haɗawa.

Ka tuna Juma'ar farko da na hau sama? Ni mai gadin gida, na tarar da takalma tuli a ƙofarka har bakin matakala. Na ce maka a garin nan tulin takalmi a ƙofar gida shela ce, ko makaho ya taɓa ya san an taru a ciki, ga shi hukuma ba ta yarda da taron ibada irin naku ba. Kai kuwa ka kafe cewa takalmi ba ya shiga inda kuke ibada. Ka ji taurin kai! Daga ranar na riƙa zuba su a buhunan shinkafa ina saukowa da su ɗakina, in tafi masallaci, in na dawo in mayar. Bayan mutuwarka ban fasa ba ko sau ɗaya.

To, asiri ya tonu. Ilu, ɗan garinmu da ke tuƙa wata mata a hawa na biyu, ya shigo ɗakina aron buta ya ga buhuna. Ya buɗe, ya ga takalman mata da na yara. Kafin mako ya zagayo ya gama yaɗa wa mutanenmu cewa Hassan ya zama mai gadin gumaka. Yanzu in na je inda muke taruwa cin tuwo, sai kowa ya tuna yana da wani uzuri. Abin ya yi mini ciwo, Suresh, ba zan ɓoye maka ba.

Daga nan magana ta kai kunnen wakilin mai gida. Ya san ana taruwa, amma bai san ƙofar ba, don Indiyawa sun cika gidan. Ya kira ni ya ce ko dai in faɗi lambar ɗakin, ko in tattara kayana, mai gida ya janye hannunsa daga iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar nan. Ka san ma'anar wannan, komawa garinmu Maraɗi ke nan ba dawowa. Na ce masa an ɗauke ni in tsare mutanen gidan nan ne, ba in miƙa su ba.

Mutanenmu su gaya mini, me na yi? Na taɓa taka ƙafata cikin ɗakin nan? Na taɓa cin abincin da kuka ajiye gaban abin bautarku? Kai da kanka kake sa a ɗebe mini nawa daban tun daga tukunya, don ka san ba zan ci ba, kuma ba ka taɓa jin haushi ba. Sallata ba ta taɓa wuce ni saboda ku ba. Addinina yana nan inda na gaje shi, ban rage masa komai ba don na ɗauki buhun takalmi.

Kuma ina Ilu yake ranar da ƙanena Sabi'u ya faɗo daga bene a wurin gini? Gawarsa na kwance a asibiti, ni ban san ofishin da zan nufa ba, Larabcina bai wuce na buɗe ƙofa ba. Kai ka ajiye aikinka ka riƙa yawo da ni daga wannan taga zuwa waccan har aka ba mu shi. Da muka shiga maƙabarta ka tsaya a waje cikin ranar nan mai ƙona ƙeya, ba ka koma mota ba sai da muka fito. Ban taɓa yi maka godiyar da ta dace ba. Kullum ina cewa sai wata rana, ga shi zuciyarka ta tsaya ba sallama.

Na tambayi malaminmu ko zan iya roƙa maka gafara, ya ce a'a. Ban yi masa musu ba. Amma bai ce in ci amanarka ba, kuma ko ya ce ba zan ci ba.

An ba ni zuwa ƙarshen wata. Ina jin tsoro, wallahi. Gidan da nake ginawa ko rufi babu, 'ya'yana mata suna makaranta, kuma a shekaruna ban san wanda zai ɗauke ni aiki ba. Jiya ma wakilin ya sake tsare ni a ƙofa ya ce ƙofar gyara a buɗe take, lamba kawai yake so. Na gaishe shi da kyau, na ci gaba da wanke mota.

Na shawarci Madam Lata kowa ya riƙa zuwa da ledarsa, ya zuba takalminsa, a jera su a barandar kicin, kuma su daina shigowa a tare. Na san da kana nan da mun yi ta ja-in-ja a kan wannan. To, ba ka nan, ka yi haƙuri.

Ita dai na ce mata zan koma gida, ban faɗa mata dalili ba, kuma ba zan faɗa ba. Na san mutanenka. In suka ji, kuɗin hayar da suka haɗa da ƙyar za su juye mini a aljihu su ce guzuri, ɗakin ya rufe a kaina. Ban haƙura da aikina don in zama ni ne na rufe shi ba. Kai kaɗai na faɗa wa, don kai ne ba za ka iya zuwa ka gaya musu ba.

Na bar ka lafiya, abokina.

Naka har kullum,
Hassan mai gadi.