Zaren Zdravko a Ƙarƙashin Gilashi

Sofiya, farkon Maris

Yaya Ginka,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar taki ta yi sauƙi. Yaya, jiya na gano inda ƙanenki, mijina Zdravko, ya kai zarensa.

Kin tuna bara na murɗa masa zaren Maris, ja da fari, wanda muke ɗaurawa a hannu har sai an ga shamuwar farko a rataye shi a itace, ya dawo daga aiki hannu babu komai? Ya ce, "Tsveta, yana inda ba mai taɓa shi." Na ce yarwa dai ya yi. Har ya rasu ina masa gori.

Jiya aka buɗe ginin ofisoshin da ya yi aiki a ƙarƙashinsa, aka gayyaci iyalan magina. Daɓen falon duk gilashi ne, tsohon titin Rumawan dā na kwance ƙarƙashin takalminki, duwatsun da Zdravko ya mayar mazauninsu. Ina takawa a tsorace, sai ga jan zare yana leƙowa daga gindin wani dutse. Ƙullina ne. Ashe shamuwa ya hango daga cikin ramin da yake aiki, ba itace kusa, ya sa shi ƙarƙashin dutse kamar yadda kuke yi a ƙauye. Na durƙusa ina dariya da hawaye, masu kwat suna ratse ni.

Sai dai Malama Desislava, mai kula da kayan tarihin, ta ce za a share wurin, a cire duk abin da ba na Rumawa ba. Na kasa buɗe baki.

Ki huta lafiya.
Tsvetana

*

Tsveta,

Na amsa gaisuwa, ƙafa kuma tana nan da halinta. Ke ce kika kasa buɗe baki? Ke da kika cika wa ƙanena kunne tun yana da gashi a ka?

Haka yake tun yana yaro. Ba dutsen gidanmu da bai ɗaga ba, har Baba ya yi tuntuɓe da ɗaya ya bi shi da tsintsiya. Na yi kuka da na karanta, amma ba shi zai hana a share ba. Ki gasa burodinmu na banitsa mai cuku da yawa, ki je. Matar nan ai tana da kaka, ta san al'adar zaren. Kada ki sake rubuto mini kina cewa kin kasa.

Allah ya tsare.
Yayarki Ginka

*

Yaya Ginka,

Ina gaishe ki. Na je wurin Malama Desislava! Na ajiye banitsar, na ɗaura mata zare tun kafin ta zauna. Ta ce, "Inna Tsveta, aikina raba tsoho da sabo." Na ce, "Dutsen na Rumawa ne, 'yata, amma wanda ya ɗaga shi nawa ne." Ta kalli hannunta, ta ce, "Cin hanci da cuku kenan?" Ta ɗauko makulli.

Mun sauka ƙarƙashin gilashin. Na dafa dutsen, sanyi ƙalau. Da yatsanta ta tura zaren can ciki inda tsintsiya ba ta kaiwa. Yanzu ba a ganinsa daga sama, amma na san dutsen. Ta ce ranar da na ga shamuwa in kawo nawa.

Nawa yana hannuna. Kullum ina kallon sama, ban ga shamuwa ba tukuna.

Taki,
Tsvetana