Jan Ƙyalle a Bakin Kwando

Alhamis, 13 ga Nuwamba, 1975

Kwando ya zo daga Tunga.

Ina cikin kwashe shinkafa Sallau direba ya dire shi a ƙofar rumfata kamar yadda ya saba duk Alhamis, ya nemi benci ya zauna. Sabon kwando fil, an rufe shi da ganyen ayaba, ga jan ƙyalle a bakinsa, jelar ƙullin ta kwanta hagu. Duk Tunga mutum ɗaya ce ke ƙulli haka, ƙanwata Dokas, don bahaguwa ce. Kuma Dokas kwale-kwale ya kife da ita a kogin Gongola tun watan Satumba, kogi cike, tana tsallakowa cin kasuwa. An tsamo kowa da rai, har da mijinta Matiyu. Ita har yau ba a gan ta ba.

Na tambayi Sallau wa ya ba shi. Ya ce ai na sani, ba wanda ke ba shi. Ranar Laraba masu lambu na tara kayan Gombe a gindin tsamiyar bakin kasuwa su tafi harkarsu, shi da alama yake gane na kowa. Baƙin zare na Kagarawal, igiyar kaba ta wani gida a Jekadafari, jan ƙyalle na Edna mai abinci a Bolari, wato ni. Ya ce shi ma da ya gani gabansa ya faɗi, amma kaya na mai shi ne, ba ya barinsu a ƙasa.

Na kai shi ɗakin ajiya. Ban buɗe ba.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

Na buɗe. Alayyafo, yakuwa, albasa mai ganye, busasshen kifi. A can sama, a naɗe cikin ganye, lemun tsami. Gyarar da take sa mini ke nan kullum saboda tarin da hayaƙin murhu ke sa ni. Na zauna a kan buhun gero.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

A coci fasto ya sa mu cikin addu'a, ya ce marigayiya Dokas. Da aka tashi na tare shi a ƙofa na ce wa ya nuna masa kabarinta. Ya yi ta ba ni haƙuri. Ban kyauta wa dattijon ba, amma kada wanda ya ƙara kiranta da wannan suna a gabana.

Alhamis, 20 ga Nuwamba

Wani kwandon ya sake zuwa. Sabo, jan ƙyalle, ƙullin hagu, lemun tsami.

Sallau ya tsaya yana jiran kwandon makon jiya. Ka'idarmu ce tun ina amarya a garin nan, kwando ba ya komawa wofi: gishiri, sabulu, kwalbar kananzir, wani sa'in ashana. Ni da Dokas ba mu taɓa wani lissafi ba bayan wannan. Na ce masa ba na mayarwa. In na zuba gishiri, wa zan aika wa?

Na tambaye shi ko yana ganin Matiyu. Ya ce tun abin da ya faru bai ƙara ganinsa a kasuwa ba, ana cewa ko bakin kwale-kwale ba ya zuwa. To ba shi ba ne. Dama ina tela da lambu? Mutumin da bai san alayyafo da ciyawa ba. Hannun da ya kasa riƙe matarsa a ruwa.

Litinin, 24 ga Nuwamba

Na farkon ya ruɓe a ɗaki. Na zubar da hannuna, ina roƙon Allah gafara. Ba zan iya dafawa ba, ba zan iya ba wani ba.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Iya mai masa, wadda rumfarta ke jikin tawa, ta leƙo ta ce warin me take ji. Na gaya mata duka. Ta leƙa kwandunan ba ta taɓa ba. Da farko ta ce aikin mutanen ruwa ne, in sun riƙe mutum sukan bar shi ya riƙa aike gida. Na ce Iya, ni fa Kirista ce. Ta ce ita ma ai Musulma ce, amma kogi bai tambayi kowa ba.

Sannan ta faɗi abin da ya zauna mini. Wai tana yarinya ruwa ya tafi da wata mata, bayan watanni aka same ta wajen masunta can ƙasa kusa da Numan, da ranta, sai dai hankalinta ya ɗan taɓu ba ta iya faɗin garinsu.

Na yi ta juya maganar har na ƙona miya. Idan Dokas ta dawo Tunga a ɓoye fa? Idan tana jin kunya, ko ba ta cikin hayyacinta, hannunta ne kawai ya tuna aikinsa? Ina so ya zama haka. Ina so har ƙirjina na ciwo.

Na zuba tuwo da miya a farin kwanon Dokas na rufe na ajiye a kan kantar rumfa. Ba don komai ba.

Talata, 2 ga Disamba

Malam Bernard akawu ya ci loma kaɗan ya ture kwano. Ya ce Mama Edna, yaushe kika koma tumatirin gwangwani? Ya ce in gwangwani yake so ga sabon gidan abincin da aka buɗe gaban tasha, mai firiji da rediyo. Tun da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka shigo, kowane akawu ya sayi babur ya koyi tsirta. Amma gaskiya ya faɗa. Abin da ke kawo mutane rumfata kayan Tunga ne, kuma kayan Tunga na ɗaki suna ruɓewa.

Alhamis, 4 ga Disamba

Kwando ya zo.

Alhamis, 11 ga Disamba

Yau da tumatir a ciki, na farkon shekara. Ƙanana masu tsaga-tsaga, irin Inna mahaifiyarmu, wanda Dokas ke shanyawa ta ɓoye a gora. Ba a sayar da wannan iri a kasuwa. Na ɗauki ɗaya na shinshina, ƙamshin ganyen na nan a jikinsa, na ji kamar tana tsaye bayana za ta ce Yaya kada ki matse mini shi.

Benci biyu babu kowa da rana tsaka.

Litinin, 15 ga Disamba

Sallau ya kawo mini naman layya, Allah ya saka masa. Ya zauna yana jin ɗumin murhu, sanyi ya sauko sosai bana. Ya ce kogi ya janye, yashi ya fito, matan Tunga sun fara share wurin Kirsimeti. Ya ce sun tambaye shi ko zan zo.

Na san abin da suke tambaya. Ranar Kirsimeti kowane gida na kafa murhunsa a kan yashi a yi girki a fili, wanda ya zo ya ci, har mutanen tsallake. Murhun Inna Dokas ce ke hura shi tun da Inna ta rasu, ni sai dai na zo da shinkafa na zauna ina ba da umarni. In ba 'yar gidan da ta hura, a kan kwashe duwatsun a ba wani gida wurin.

Sallau ya ce, "Mama Edna, ki biyo ni ranar Laraba ki tsaya a gindin tsamiyar nan ki gani da idonki."

Na ce zan duba. Abin da ban gaya masa ba, muddin ina Bolari, Dokas na iya kasancewa da rai. In na je na gani, shi ke nan.

Alhamis, 18 ga Disamba

Ya zo. Na ba Sallau tuwon jiya na farin kwanon ya ci, na wanke na sake zubawa.

Talata, 23 ga Disamba

Na ɗaure shinkafa da man gyaɗa. Na kwance. Na sake ɗaurewa. Iya ta ce za ta duba mini rumfa, ta ce in na gan ta kada na yi ihu, na yi mata magana a hankali.

Juma'a, 26 ga Disamba, a Tunga

Bari na rubuta tun ina iyawa.

Mun iso Laraba da hantsi. Kasuwa ta cika maƙil, tulin albasa, kabewa, rake, kifi a kan tabarmi, masu sayen awaki na Kirsimeti suna ta ciniki. Na wuce su duka na je gindin tsamiya. Kwandon na can tuni da jan ƙyallensa. Wata mai kuɓewa ta ce mai fito ne ya ajiye, daga tsallake aka ba shi.

Na shiga kwale-kwale idona a rufe. Ruwan ma bai fi ƙugu ba, yara na wasa a ciki. Wannan ɗan ruwan ne ya ci mini ƙanwa.

Ban tsaya gaida kowa ba, na nufi lambun Inna. Daga nesa na hango mutum a sunkuye tsakanin kunyoyi, da ƙwarya a hannu yana ban ruwa, da ɗankwalin Dokas a ɗaure a kai. Na kira sunanta. Na kira da ƙarfi, duk abin da Iya ta ce na manta.

Matiyu ne ya ɗago. Ya rame ya yi baƙi, ɗankwalin don sanyin kunne ya ɗaura. Ya ajiye ƙwarya ya durƙusa ya ce sannu da zuwa Yaya.

Na share gaisuwar. Na ce wa ya ƙulla ƙyallen.

Ya tashi ya shige gaba na bi shi har gida. Ya buɗe ɗakin da take ajiye iri. Kwanduna ne a rataye a jikin azara, sababbi, jere, kowanne da jan ƙyallensa, kowane ƙulli jelarsa ta kwanta hagu.

Ya ce, "Da damina ta ƙulla su, Yaya. Ran da ruwa ya hana ta fita ta zauna nan ta yi na rani duka. Ta ce kada ta zo tana sauri ranar kasuwa."

Ya ce irin ma ita ta yafa, kwana kaɗan kafin abin. Yana zaman makoki ya fita ya ga ya tsiro, ya kasa bari ya bushe. Matan maƙwabta suka koya masa dashe suna yi masa dariya. Lemun tsamin kuwa ya ce ya saba ganin tana sa mini ne, bai ma san na mene ne ba. Da ya ga kwando ba ya dawowa ya ɗauka fushina ne bai huce ba, ya ce kuma ina da gaskiya.

Na ce, "Na ɗauka ita ce."

Ya ce, "Ni ma duk Laraba in na sauke ɗaya, sai na juya na duba ƙofa."

Nan na yi kukan da ban yi ba a Satumba. A Satumba faɗa na yi. Ya bar ni na yi, ya fita ya ɗebo mini ruwa.

Jiya Kirsimeti. Na hura murhun Inna. Itacen ɗanye ne, hayaƙi ya shiga mini ido, ba wanda ya tambaye ni dalilin hawaye. Na yi miya da tumatirin kwandon da mai fito ya komo mana da shi. Sarkin pawa ya tsallako ya yanka mana awaki don kowa ya ci, matan zumunta na coci suka yi ta waƙa da tulu da kacau-kacau, samari na tseren kwale-kwale a ɗan ruwan da ya rage. Matiyu ya zauna nesa da ruwa ya ba shi baya. Na aika masa da tuwo. Ba gafara ba ce, abinci ne.

Ban yi rawa ba. Duk macen da ta miƙo hannun hagu sai gabana ya faɗi.

Lahadi, 28 ga Disamba

Na dawo Bolari. Ɗakin ajiya na wari. Na wanke kwandunan na shanya.

Talata, 6 ga Janairu, 1976

Sallau ya tafi da su, kowanne da gishiri da sabulu. Na sa allurar keke da zare a ɗaya, ban san ko yana ɗinki har yanzu ba. Na farkon na riƙe.

Alhamis, 8 ga Janairu

Kwando ya zo, tsohon kwando, ƙullin ya fara dafewa da dattin hanya. Mutumin nan ya tsinko tumatir da ɗanye a ciki, sai na aika a gaya masa. Lemun tsami kuwa kamar zan buɗe kasuwa.

Na yi miya. Malam Bernard ya shigo don ƙamshi, ya ci ya nemi ƙari, ya ce ina kika samo wannan. Na ce na lambun marigayiya ne, ina juya tuwo. Sai da ya tafi na ji abin da bakina ya faɗa.

Tarin ya dawo, zan matse lemun. Iya ta leƙo aron kwano, baƙi sun yi mata yawa, na miƙa mata farin kwanon Dokas da ke kan kanta. Ta tsaya tana kallona. Na ce ki karɓa mana Iya, masarki na ƙonewa.