Amaryar da Kawu Bay Ya Sayo

Vinh Long

'Yata Tuyen,

Gaisuwa mai yawa daga duk mutanen gida, da fatan sanyin Taiwan bai ƙarasa 'yan ƙasusuwan nan naki ba.

Kin ce kada in ɓoye miki komai. To, tun ranar da ƙanenki Kiet ya faɗi a filin ƙwallo bai tashi ba, uwarki ba ta yi kuka ba, ba ta kuma buɗe baki ba. Taliya ma ta daina sayarwa. Ga ranar cika kwana arba'in da tara da rasuwarsa na ƙaratowa, ta hana a ƙona masa kayan takardar da ake aika wa mamaci, ko da silifas ne. Kakarku kuwa kullum da safe sai ta ce ta yi mafarkinsa yana yawo a can lahira da gajeren wando. In uwa ba ta sallami ɗanta ran nan ba, yaya zai kama hanya? Ina jin tsoro kada mu rasa su biyu.

Ki ci abinci, don na san halinki.

Goggonki, Sau

Taichung

Goggo,

Ina gaishe ki da girmamawa, a gaishe mini da Kaka.

Masu gidan da nake aiki ba su ba ni izinin zuwa ba. Ina yi wa tsohuwarsu wanka ina kuka, ita kuma tana share mini hawaye. Ina kewar Kiet ƙwarai, har da ɗan banzan fiton nan nasa.

Ku sayo kayan takardar ku ajiye inda Inna za ta gani: babur, takalmin ƙwallo, waya. Amma don girman kakanni kada ku aiki Kawu Bay. Mutumin da aka aika sayen gishiri ya dawo da agwagwa!

Taki mai biyayya, Tuyen

Vinh Long

Tuyen,

Gaisuwa a gurguje, har yanzu dariya nake.

Wasiƙarki ta makara, Bay ya riga ya tafi. Ya dawo da babur, da takalmi, da waya, da kuma budurwa ta takarda mai tsayin mutum, mai jajayen kumatu, ya ɗauro ta a bayansa duk kasuwa na kallo. Wai yaro ya tafi bai yi aure ba, kaɗaici zai dame shi. Ya jingine ta a tsakar gida yana washe baki.

Sai muka ji murya daga bakin ƙofa: "'Yar gidan wa ce?"

Uwarki ce. Ta fito ta zagaye yarinyar, ta duba hannunta, ta duba ƙafarta.

"Yaya, sai da na zaɓa fa," in ji Bay.

"Kai da ka kasa zaɓar wa kanka? Dubi farcenta! Wannan ce za ta iya cire wa kifi ƙaya? Kiet ba ya cin kifi sai an cire masa ƙaya. Ga ta shigo gidan mutane ko gaisuwa babu."

Kaka ta ce, "Ai surukar da ba ta mayar da magana ba a samunta a arha."

Uwarki ta fashe da dariya har ta zauna a ƙasa. Daga nan dariyar ta juye kuka, muka rufu a kanta muka yi tare, har da Bay. Da ta gama ta share fuska ta ce yunwa take ji, ta cinye kwano biyu. Wunin ranar labarin Kiet kawai ta yi ta ba mu, har da wanda ban taɓa ji ba.

Jibi ne ranar. Ban san me za ta yi ba.

Goggonki, Sau

Vinh Long

Tuyen,

Ina gaishe ki, 'yata.

Da hannuna na kunna wutar. Na ƙona babur da takalmi da waya, na ƙara masa hular kwano don na san gudunsa. Na kira sunansa, na ce ya tafi, na sallame shi.

Yarinyar kam na riƙe ta. Tana rumfa tana taya ni jiran masu sayen taliya. Sai na ga halinta tukuna kafin in ba ta ɗana.

Ke kuwa ki dawo mini da ranki, da ƙafarki.

Innarki